Ba Ta Gem Ba

Ranar Talatar da ya sayi laftof ɗin ita ce rana ta ƙarshe da ɗansa ya roƙe shi wani abu.

Roƙon ma ba wani babba ba ne. Yaron yana tsaye a ƙofar ɗaki, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ya ce, "Baba, ka bari in raka ka."

Shi kuwa yana gaban madubi yana gyara zaman hula, da takarda ninki huɗu a aljihun gaba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana zanen taswirar gine-gine a ma'aikatar ayyuka, da fensir da tawada da idonsa, har ranar da aka shigo da kwamfutoci shida aka ce wa masu zane goma sha huɗu an gode. A ofis Jan Biro ake ce masa, don ba takardar da ta taɓa bi ta teburinsa ta fita ba jinin jar tawadarsa a jikinta. Ya san da sunan, kuma bai taɓa ƙin sa ba.

"Ka raka ni ka yi mini me? Ka riƙe mini hannu in tsallaka titi?"

"A gwada ta a gabana. Kafin a biya, a sa mata gem mai nauyi a bar ta minti ashirin. In ta ɗauka, to za ta ɗauki manhajar zanen. In ta fara shaƙewa, a bar musu kayansu. Haka kowa yake yi."

"Kowa," in ji Jan Biro. "Yawwa. Tun jiya nake jira in ji ta inda gem zai shigo."

"Wallahi Baba, ɓangare ɗaya ne yake ɗaukar su duka biyun. Girafik ake ce masa, shi ke ɗaukar nauyin hoto."

"Ba za ka buga ba ke nan?"

Yaron ya dubi takalmin da ke hannunsa.

"Zan buga. In na gama. Laifi ne?"

"Ka ji gaskiya, da ƙyar ta fito. Zauna ka jira ni."

Unguwa tana kiran yaron Injiniya tun shekararsa ta farko a jami'a. Da farko yabo ne. Yanzu da ya shiga shekara ta bakwai, sai a yi ta faɗa ana kallon gefe. Shekara biyu daga ciki a kujerar asibiti ya yi su, kusa da gadon uwarsa, kuma tsohuwar kwamfutarsa an sayar, kuɗin a kantin magani ya ƙare. Bayan an binne uwar ya yi wata biyar a shagon gem na bakin titi, daga safe har a rufe. Uban kuma ya kulle kansa ya bi littattafan kantarsa ɗaya bayan ɗaya. Kowa da inda ya ɓuya, sai dai shi yana ganin tasa maɓoyar tana da bango da sunan marubuci, don haka ta fi mutunci.

Jami'a ba za ta ba shi shekara ta takwas ba. Saura kwana goma sha takwas ya miƙa aikinsa na kammalawa, zanen gadar masu tafiya a ƙasa da lissafin nauyinta. Wata biyu yana yawon aron kwamfuta, amma waɗanda suka shiga tare duk sun fita, na yanzu kuma kowa yana manne da tasa. Ɗakin kwamfuta na sashensu akwai kwaɗo a ƙofar, har ya yi tsatsa. A gefe ɗaya ga kawunsa, yayan marigayiya, yana buga waya duk mako cewa yana neman mai kula da lodi a sitonsa, can tafiyar yini guda, kuma ba zai jira har abada ba. Kuɗin da ke aljihun Jan Biro kuwa ragowar fanshon da ya bi shekara uku ne, makon jiya aka sake shi. Babu wani a bayansa.

A bas ya fito da takardar ya sake karanta ta, ko da yake ya haddace. Daga allon sanarwa na sashen yaron ya sa aka kwafo masa, ya sake rubuta ta da manyan baƙaƙe irin na ƙasan taswira, kowane harafi tsaye kamar soja: irin furosesa, yawan ram, girman girafik. Bai san abin da ko ɗaya yake yi ba. Amma a rayuwarsa ya ga an gina asibiti daga takarda, kuma ya yarda cewa abin da aka rubuta daidai ba ya ruɗin mutum.

Kasuwar kwamfuta bene ce mai hawa uku, shaguna jere kamar akwatunan ashana, janareto na rugugi a kowace kusurwa, ga ƙaurin dalma. Shago biyu na farko suka faɗa masa kuɗin da ya ninka nasa. A na uku ya tarar da wata mata mai gyara, da gilashin ƙara girma ɗaure a goshi, ta baje hanjin wata kwamfuta a kan tawul. Ya karanta mata abin da yake nema, ya faɗi abin da zai iya.

"Karatun injiniya ne?" Ta ajiye sukundireba. "Baba, da wannan kuɗin abu ɗaya ne a kasuwar nan zai yi aikin. Bari ka gani."

Ta jawo wata daga ƙarƙashin tebur. Baƙa ce, mai kauri kamar bulo, murfin a tsage an ɗaure shi da salatif. Da ta kunna, madannan suka kama da jar wuta.

"Mummuna ce, batirinta ma ya mutu, sai a jikin wuta. Amma cikinta lafiya lau. Ta 'yan gem ce. Zauna in sa maka ka gani."

"Ta 'yan me?"

"Gem, Baba. Ai su ne masu ƙarfin."

"Na gode, 'yata. Makaranta za a kai ta, ba gidan rawa ba."

"To Allah ya ba da sa'a," ta ce, ta sauke gilashinta kan ido.

Shago na huɗu yana hawa na biyu, da sanyin na'ura da kujerar baƙi. Mai shagon matashi ne mai tumbi, waya biyu a hannu ɗaya, ya miƙe tsaye ya gaishe shi har da rusunawa. Wannan kaɗai ya sayi rabin zuciyar Jan Biro. Don haka a nan bai karanta ba, miƙa takardar ya yi.

"Kai! Yallaɓai, wa ya yi wannan rubutun? Inji ne?"

"Hannu ne."

"Wallahi an daina irinku. Wannan ai sai a sa a firam."

"Abin da ke ciki nake so, ba ƙari ba ragi. Kuma ka ji da kyau, ba ta gem nake so ba. Kada ma a kunna mini wannan shirmen a gabana."

Mai shagon ya dube shi daƙiƙa biyu, ya washe baki.

"Ai Yallaɓai, kai ne ka san abin da kake yi. Yaran nan su zo su cika mana shago da harbe-harbe wai gwaji suke. Bari in duba sito, akwai wadda wani likita ya ajiye bai dawo ba."

Ya fita da takardar. Ya yi kusan rabin awa. Jan Biro ya sha ruwan da aka ba shi, yana lissafin abin da zai gaya wa yaron a kan bambancin mai ilimi da mai hayaniya.

Wadda aka kawo siririya ce, ruwan toka, tsaf kamar ba a taɓa taɓa ta ba. A ƙasan madannai ga sitika uku suna ƙyalli, kowace da abin da ke cikin takardarsa. Mai shagon ya kunna, ya buɗe wani shafi, lambobin suka fito a allo, layi bayan layi, har jerin bai saɓa ba. Jan Biro ya ɗora takardar kusa da allon ya bi da yatsa. Sannan ya yi irin nasa gwajin. Ya ɗaga ta saitin ido ya duba miƙewar gefenta, ya buɗe ya rufe sau uku, ya bi kusurwoyin da farce.

Idonsa bai ci amanarsa ba. Ya ga sitikar tsakiya ta karkace kaɗan, abin da bai kai kaurin farce ba, wanda mutum ɗari za su duba ba su gani ba. Ya yi tsaki.

"Dubi nan. Har kamfanonin waje sun lalace. Ba wanda ya damu da layi yanzu."

"Wallahi kuwa, Yallaɓai. Duniyar ce."

Kuɗin ya zo daidai da abin da ke aljihunsa, saura na mota. Bai tambayi kansa yadda aka yi haka ba. Ya karɓi rasit, ya gyara wa mai shagon kuskuren harafi ɗaya a ciki, ya rungumi kwalin ya fito.

Bayan azahar ya iso gida. Ya ajiye kwalin a kan tsohon teburinsa na zane, wanda yanzu a kansa suke cin abinci, ya ce, "Ga ta. Ba ƙari ba ragi."

Yaron ya fito da ita, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya juya ta ya dubi ƙasanta inda iska ke fita. Ya sa filas ɗinsa, ɗan abin ajiya mai ɗauke da aikinsa, ya fara loda manhajar. Abin ya ɗauki fiye da awa. Jan Biro ya zauna da littafi a buɗe, shafi ɗaya yake ta karantawa.

"Ta shiga?"

"Ta shiga."

Ya taso ya tsaya a bayansa. Bai taɓa ganin aikin ba. Yaron bai taɓa nuna masa ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Allon ya yi fari ya daɗe, sannan gadar ta fito, tsaye cak, daga gefe: ginshiƙai biyu, matakala hagu da dama, da doguwar gangara mai lanƙwasa ta masu keken guragu. Kafin ya ankara hannunsa ya kai aljihu neman biro. Ya bi tsayin matakalar, ya bi inda ƙarfe ya haɗu da kankare, ya bi hanyar da ruwan sama zai sauka, ya bi lambobin awo ɗaya bayan ɗaya.

Yaron ya taɓa don ya juya gadar. Fankar cikin ta ɗauki kuka kamar an taka kyanwa. Hoton ya yage gida biyu, ya tsaya. Can sai allon ya yi baƙi.

Ya sake kunnawa. Haka. Sau na uku ko gadar ba ta fito ba.

"Ka tabbata ka sa ta daidai? Ku ba ku karanta umarni."

Yaron ya sa farce a ƙarƙashin sitikar tsakiya. Ko gardama ba ta yi ba, ta taso. A ƙarƙashinta akwai wata, tsohuwa, ta koɗe, da wata lamba daban. Ya manna sabuwar a bakin teburin a hankali, kamar abin da za a sake nema.

"Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri."

Da zagi ya yi, da Jan Biro ya san amsar da zai ba shi.

La'asar ta same shi a kasuwar, a hawa na biyu. Mai shagon bai miƙe ba wannan karon.

"Baba, sitika ai ado ce. Ni sitika na sayar maka?"

"Ka nuna mini lambobi a allo."

"Allo na nuna maka, kai ka karanta. Ina rasit? Karanta da kanka, ai kai ne mai karatu. Har gyara ka yi mini."

Ya karanta. Laftof ɗaya, ruwan toka, da caja. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe: kayan da ya fita ba ya dawowa. Babu kuskure a ciki ko ɗaya, shi da kansa ya tabbatar da haka ɗazu.

Ya ɗaga murya. Ya ambaci hukuma, ya ambaci shekarunsa na aiki, ya faɗi wata magana mai nauyi da ya taɓa karantawa a kan amana. Maƙwabta suka leƙo, suka ga tsoho da kwali, suka koma. Shugaban 'yan kasuwar, aka ce masa, ya yi tafiya, kuma ko yana nan rasit zai duba.

Ya sauko ƙasa. Mai gyaran tana tattara kayanta. Ta ga kwalin, ta ga fuskarsa, ta ture masa kujera da ƙafa. Minti biyu ta yi da laftof ɗin.

"Ta ofis ce, Baba. Ta rubuta wasiƙa. Lafiyarta ƙalau, shekara biyar za ta yi maka tana rubuta wasiƙa."

"Lambobin fa?"

"Aikin minti biyar ne a sa ta ta faɗi abin da ake so. Sitika kuma ga mai sayar da su can ƙarƙashin matakala, shafi-shafi. Ka ba shi takarda, ko?"

Ya gyaɗa kai.

"Ba a ba su takarda. Ka ba mutum amsa, sannan ka yi masa jarrabawa. Shi ya sa muke sa gem. Rubutu yana ƙarya, sitika tana ƙarya, amma in aka ɗora mata nauyi dole ta faɗi gaskiya."

"A ƙara mata abin da babu."

"A jikin allon cikinta yake, ba a ƙarawa. In za ka sayar, kashi ɗaya cikin uku za a ba ka, shi ma don tana da kyan fuska."

Ya daɗe yana kallon tawul ɗin da ke kan teburinta. Sannan ya tambaya, da muryar da bai san yana da ita ba, "Waccan fa? Mai salatif?"

"Ta tafi tun azahar. Wata ce ta zo da 'yarta, suka zauna nan suka yi ta harbin dodanni minti talatin, uwar tana ta salati. Suka biya suka tafi." Ta rufe masa kwalin. "Me ya sa ba ka zo da mai ita ba?"

A bas ɗin komawa ya tsara magana. Za a sayar da ita, za a sayar da littattafan, za a je wurin shugaban sashe a roƙi mako biyu. Ya san kuɗin littattafan, ya taɓa tambaya lokacin jinya: da kilo ake saye. Ya san shugaban sashe ma, irin mutanen da shi kansa yake yabo ne, masu cewa doka doka ce.

Ya tarar da yaron yana wanke kayansa a bokiti. Ya fara jero shirin, na ɗaya, na biyu.

"Baba, bari. Na yi waya da Kawu. Jibi akwai mota."

"Saura kwana goma sha takwas."

"Lissafin kaɗai sai ya ci goma, a kan mai ƙarfi. Na tambayi kowa, Baba. Har wanda ba na gaisawa da shi na tambaya." Ya matse riga ya shanya. "Na gaji. Ba fushi nake ba, wallahi. Gajiya ce."

"Shekara bakwai za ka zubar don ka je ka ƙirga buhuna?"

"Ai akwai mai ƙirga su ko ban je ba. Gara ni." Ya ɗan yi murmushi. "Laftof ɗin ma za ta yi amfani a can. Kawu ya ce da biro suke komai."

Ranar Alhamis da hantsi suka je tasha. Jan Biro ya dage shi zai riƙe jakar. Suka tsaya a inuwar motar ana ɗaure kaya a sama, mai sayar da tikiti yana kiran saura mutum biyu tun rabin awa da ta wuce. Kwana biyu yana juya maganar a bakinsa. A banɗaki ma ya gwada faɗinta, ta fito daidai. Yanzu ga yaron a gabansa, ya fi shi tsawo, da idanun uwarsa.

"Ka ji," ya ce.

"Na'am, Baba."

"Wannan igiyar jakar, ba haka ake ɗaure ta ba. Kawo."

Ya kwance, ya sake ɗaurewa. Yaron ya bar shi ya gama. Direba ya yi hon, aka fara turereniya a ƙofa. Yaron ya durƙusa ya yi sallama, uban ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ce kuma a riƙa karanta takarda kafin a sa hannu. Yaron ya ce to. Ya sami kujera a ɗaya gefen, inda ba a hango shi ta taga.

Jan Biro ya tsaya har motar ta fita daga ƙofar tasha, har wata ta shigo ta tsaya a gurbinta. Wani ɗan kamasho ya tambaye shi ina zuwa, ya ce babu.

Minti ɗaya ne kacal gadar ta yi a allo, wataƙila ma bai cika ba. Amma a shekara talatin da ɗaya ba a taɓa ajiye masa zane ya wuce rabin haka bai sami inda zai sa biro ba. Ya nema a matakala, ya nema a ginshiƙi, ya nema a gangarar da shi kansa da ba zai tuna ya sa ba. Abin da ya zo tashar ya faɗa ke nan: na duba, ɗana, ban sami kuskure ba.